Don Allah a ba ni shawara kan jeren fitilun ɗakin renon dashe, shukata tana lalacewa

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako, don abin ya fara hana ni barci. Bara ne na yi asarar dashen tumatir har sau biyu a bayan gida, na farko kajin maƙwabta suka tone, na biyu kuma ruwan sama na watan Agusta ya kwantar da shi gaba ɗaya. Sai ƙanena da ke aiki a Abuja ya ce me zai hana in mayar da ɗakin baƙi wurin reno, tunda ai baƙin ma sai da Sallah suke zuwa. Uwargida ba ta so ba, har yau ma ba ta so, don kayan aurenta da ba ta amfani da su a nan take ajiyewa, sai da na kai su ɗakin yara aka yi ta rigima. Shi ƙanen nawa ya ranta mini kuɗin, muka yi da shi zan biya idan na sayar wa masu lambu dashe a farkon rani, kuma na riga na yi wa mutum uku alkawari, ɗaya ma surukina ne. Ɗakin ƙafa 12 ne da ƙafa 10. Na sa mai walda ya yi mini kanta uku na ƙarfe, kowace hawa uku. Na sayi fitila shida masu hasken ja da shuɗi, a jikin kwalin an rubuta wat 600 kowace. Yau kwana 16 da shuka. Na hawan sama sun yi tsawo sirara kamar zare, na gefe duk sun karkata sun fuskanci tsakiyar ɗaki, na hawan ƙasa kuwa fari fat, wasu sun faɗi. Iri mai tsada ne wallahi. Shin fitila zan ƙara ko taki ne bai ishe su ba?

Malam Habu: Wa'alaikumus salam. Allah ya kawo mafita. Amma ba ka faɗi inda ka rataye fitilun ba, da awa nawa kake kunna su.

Injiniya: Ba sai ya faɗa ba, na riga na san inda suke: a silin ya rataye su kamar ƙwan ɗaki. Alhaji, ba taki ba ne, kada ma ka ƙara, ƙona su za ka yi. Shuka idan ta yi tsawo ta sirance, haske take nema. Ta karkata kuma, inda hasken yake take nuna maka. Kuskurenka na farko, ka yi kanta hawa-hawa sannan ka sa fitila daga sama. Hawan sama ya zama rumfa ga na ƙasa. Dokar ita ce kowane hawa da fitilarsa, a manne a ƙarƙashin hawan da ke samansa. Na biyu, nisa. Fitila irin taka idan ka ninka nisanta, hasken da ke isa ganye yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ba rabi ba. Na uku, wannan wat 600 da aka rubuta, suna ne kawai. Je ka duba abin da inbata (na'urar da ke juya wutar batir zuwa ta gida) ko mitarka ke nunawa idan ka kunna su, ka dawo ka gaya mana.

Baban Khalifa: Eh a silin suke, amma mai shagon ne ya ce in ɗaga su sama don hasken ya game ɗakin. Kuma gaskiya ɗakin yana haske sosai, har ido ba ya iya jurewa. Ba na jin nisa ne.

Injiniya: Idonka ba ganye ba ne. Rana tsaka a Kano tana kai lux 100,000, lux shi ne ma'aunin ƙarfin haske. Ɗakin da kake gani ya haske tar, da wuya ya wuce 1,000. Dashen tumatir yana son kamar 10,000 zuwa 15,000 a kan ganyensa idan farar fitila ce, na awa 14 zuwa 16, sannan a kashe ya huta. Ka ga tazarar.

Ɗan Kura: Ni dai abin dariya yake ba ni. Ƙasar da rana ke gasa mutum tun ƙarfe tara, a ce ka shiga ɗaki ka kulle kana sayen haske. Mu nan Kura da Kadawa tun kakanni a fili ake renon tumatir, a yi masa rumfar kara, kwana 25 zuwa 30 a cire a dasa. Wannan aikin Turawa ne da ba sa ganin rana wata huɗu. Fito da tirenka waje, ka sayi raga ka kewaye saboda kaji, magana ta ƙare. Mu matsalarmu ba haske ba ce, kuɗin taki ne da man injin ban ruwa. Bana buhun da na saya, da kuɗinsa shekarun baya buhu uku zan ɗauka. Ga dillalai su zo su taya kwando yadda suka ga dama.

Maman Ilham: Ɗan Kura kada ka raina masa. Dashen da aka rena a rufe ba ya ɗaukar farin ƙuda tun yana ƙarami, kuma ƙudan ne ke kawo cutar nannaɗe ganye. Ka manta 2016 da tsutsar Tuta absoluta ta share gonakin tumatir a wajenku? Ni latas nake yi a ɗaki a Kaduna, shekara biyu ke nan. Baban Khalifa, ni ma irin fitilarka na fara saya, na sha wahala, ba ka ma iya gane ganye ya yi rawaya ko bai yi ba saboda launin. Yanzu dogon farin ƙwai na LED nake sawa, mai ƙafa huɗu. Guda uku a kowane hawa, kuma sun ishe ni. Amma fa ka kula da zafi, ɗaki a rufe da fitilu sai ya zama tanda. Sa fanka. Ni yaron da ya haɗa mini wayoyi ne ya cuce ni, siririyar waya ya sa, rannan sai warin ƙonewa muka ji cikin dare, har yau bai dawo mini da kuɗina ba, kuma ɗan unguwarmu ne, kullum sai ya wuce ta ƙofar gidana yana gaishe ni.

Injiniya: Hajiya, uku ba su isa ba, huɗu ne. Bari in yi masa lissafin gaba ɗaya ya huta. Na ɗauka kantarka ƙafa 4 ce da ƙafa 2, don haka masu walda suka saba yi. Dogon ƙwai mai wat 18 guda huɗu a kowane hawa, wat 72 ke nan. Kada ka tara su a tsakiya. Biyu na waje ka kai su kusa da bakin kantar, kamar inci 3 daga gefe, biyu na ciki ka raba tsakaninsu. Dalili, tsakiya tana samun haske daga kowane ɓangare, gefe kuwa daga ɓangare ɗaya. Shi ya sa na gefenka suka karkata. Tsayi daga kan ganye inci 8 zuwa 10, ka sa tiren a kan bulo ko katako, idan sun girma ka zare. Bangon ka shafa masa farin fenti, kantar da ke jikin bango za ta ci riba. Ka saukar da manhajar auna lux a wayarka, ka auna wuri tara a kowane hawa: kusurwa huɗu, tsakiyar gefe huɗu, da tsakiya. Idan kusurwa ta gaza kashi biyu cikin uku na tsakiya, gyara jeren. Amma wannan awon ba ya aiki da fitilar ja da shuɗi, ƙarya wayar za ta yi maka. Hawa tara sau wat 72, wat 648. Sau awa 16, ya haura yunit 10 na wuta a rana.

Maman Ilham: Ni dai uku nake sawa kuma ina sayar da latas ɗina duk mako. Ba a takarda nake noma ba.

Injiniya: Latas daban, tumatir daban, Hajiya. Tumatir ya fi cin haske.

Baban Khalifa: Na duba inbata. Idan na kunna shidan yana nuna wat 480 ko kusa da haka. Amma Injiniya, ƙwai 36 fa kake cewa in saya, bayan kuɗin da na kashe a waɗannan. Mai shagon ya ce irinsu ake amfani da su a ƙasashen waje. Kuma ni ba da wutar gwamnati nake ba, layinmu sai ta ga dama take zuwa. Sola ce, fanel huɗu masu wat 300, batir biyu masu ɗaukar caji 200Ah.

Injiniya: Ka gani ko? Wat 80 kowace, ba 600 ba. Kuma yanzu ka fito da babbar maganar da ya kamata ka fara da ita. Fanel ɗinka a rana mai kyau da ƙyar su ba ka yunit 5, idan hazo ya sauko ma ba za su kai ba. Batir biyun, abin da za ka iya ja ba tare da ka kashe su ba bai wuce yunit biyu da rabi ba. Gidan ma a kai yake ko? To awa nawa kake kunna fitilun?

Baban Khalifa: Daga ƙarfe goma zuwa la'asar, sai in kashe saboda firji da fankar yara da dare. Amma ai awa shida da ƙarfin fitila shida ba kaɗan ba ne.

Malam Habu: Tambayar da na yi tun farko ke nan.

Injiniya: Awa shida, daga nisan ƙafa huɗu. Alhaji, da suka tsiro ma sun yi ƙoƙari. Solarka kanta ɗaya za ta iya riƙewa, ba uku ba. Sauko da fitilu uku, ɗaya a kowane hawa, nisan kamar ƙafa ɗaya da rabi, ka riƙa juya tiren kullum don haskensu a tsakiya yake taruwa. Sauran kanta biyun ka hakura da su bana.

Abu Safiyya: Ƙafa ɗaya da rabi ta yi kusa, zai ƙona su. Ni nawa sun ƙone a haka. Ka sa bayan hannunka a kan ganyen na minti ɗaya, idan ka ji zafi ɗaga. Kuma waɗanda suka yi tsawo ba a zubar da su, tumatir yana fitar da saiwa a jikin kara, idan za ka dasa ka binne har wuyan ganyen farko. Na ƙasan da suka yi fari dai sai hakuri.

Ɗan Kura: Kuma ko ya gyaru, ranar da ya fito da su daga ɗaki ya miƙa wa mai lambu, rana ɗaya za ta dafa su. Sai an saba musu da rana kaɗan-kaɗan na mako guda. To idan dole sai an kai su waje, me ya hana tun farko?

Baban Khalifa: Na gode duka, Allah ya saka. Amma waje ba zai yiwu ba, na riga na gaya wa uwargida wannan ne zai fi, idan na fito da su yanzu ban san da wane ido zan kalle ta ba. Kanta ɗaya kuma ba za ta cika alkawarin mutum uku ba. Ina tunanin in ƙaro irin fitilun nan guda uku su zama tara, kowane hawa ɗaya, in jingina madubai a bango. Mai shagon ya ce zai rage mini. Akwai wanda ya taɓa gwada madubi?

Injiniya: Tara sau 80, wat 720. Da wace wutar?

Maman Ilham: Farin fenti ya fi madubi. Wai kantar taka ma ƙafa nawa ne tsakanin hawa da hawa? Idan bai kai ƙafa biyu ba fitilar ba za ta shiga ba.

Baban Khalifa: Zan auna idan na koma gida. Taki fa, a ce kada in ƙara ko kaɗan?