Waɗanda suka koyi karanta Faransanci don bincike, yaya kuka yi?

Ɗan Jibiya

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina digiri na biyu a fannin tarihi, aikina a kan dangantakar Katsina da Maraɗi ne, daga bayan jihadi zuwa lokacin da Turawa suka shata iyaka. Na tattara abin da ke ma'adanar takardu ta Kaduna, na zauna da dattawa. Da malamina ya duba sai ya ce rabin labari na kawo, ragowar yana cikin Faransanci, in fara da rahoton tawagar Tilho, wato tawagar Faransa da ta yi aikin shata iyakar. Ni kuwa Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya mini yadda ya fita.

Malama daga Samaru

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, ba magana ake so ka iya ba, karatu ake so, kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ni ajin yamma na fara shiga a wata cibiya. Malaman kirki ne, amma abin da ake koyarwa shi ne tambayar farashi da kama ɗaki a otal, ni kuma maƙalu ne jibge a gabana kan Hausar Adar da ta Gobir. Sai na sayi littafin nahawu da ƙamus, na ɗauko maƙala guda a fannin da na riga na san kansa, na riƙa bin ta jimla jimla bayan sallar asuba.

Tunda kana da Ingilishi, dogayen kalmomi ba za su wahalshe ka ba, da yawansu za ka gane su da gani. 'Yan ƙananan ne masu kayar da mutum: en, y, dont, da kuma kalmomin "ne" da "que" in sun haɗu, wanda sabon shiga ke ɗauka korewa ce alhali "kawai" ake nufi. Sai sigar aikatau ta abin da ya wuce da suke kira passé simple. Ba a yin hira da ita, shi ya sa ajin magana ba ya saurin kaiwa gare ta, amma kusan duk tarihi da ita aka rubuta. Za ka ga fut, eut, vint, firent, ka buɗe ƙaramin ƙamus ka rasa su. Rubuta su a kwali ka manna a bango. Har yau ba na iya doguwar magana da Faransanci, kuma hakan bai hana ni komai ba.

Mushe na Damagaram

Sannunku 'yan'uwa na Najeriya. Malam Ɗan Jibiya, abin da malaminka ya sa ka nema yana kan intanet, duba Gallica, rumbun babban ɗakin karatu na Faransa, kyauta ne. Tawagar Tilho ta yi aikin iyaka daga 1906 zuwa 1909, kuma juzu'i na biyu ya fi shafarka, don a nan ne bayanan tarihi da tafintansu Landeroin ya tattara daga bakin sarakuna da fadawa suke. Mutumin yana jin Hausa, har ƙamus suka yi shi da Tilho.

Amma kada ka nemi sunaye da rubutunku. Bafaranshe da kunnensa ya rubuta: u ta koma ou, c ta koma tch, j ta koma dj. Tasawa za ka gan ta Tessaoua, Tawa Tahoua, Gobir Gober, Katsina wani lokaci Katséna, mu kanmu Haoussa. In suna ya ɗaure maka kai, karanta shi a bayyane, galibi kunnenka zai gane shi. Nan ka fi ɗan Faris sa'a, shi yana karanta jimlar amma bai san garin ba.

Mu da muka yi lakwal, wato boko da Faransanci, matsalarka ce muke da ita a juye. Ɗalibanmu na Yamai da Damagaram suna bukatar littattafan Zariya da Kano, Ingilishi ya tsare musu hanya. Ni da wani abokina na Sakkwato haka muka yi: ya turo mini shafi, in tura masa shafi, mu yi waya mu warware da Hausa. Nemi irin wannan abokin.

Ɗan Kurmi

Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba a wannan zamani. Hoton shafi nake ɗauka da waya, manhajar fassara ta juye mini shi nan take. Littafi guda na karanta haka kan fataucin Kano da Agadas. Lokacin da za ka ɓata a kan nahawu ai gara ka sa shi a rubutunka.

Tsohon Malamin Tarihi

Ɗan Kurmi, ɗana, manhajar tana da rana, ni ma ina amfani da ita in ga ko maƙala ta cancanci in zauna mata. Amma bari in ba ka abin da na gani da idona. An taɓa kawo mini kundin wani ɗalibi in duba. Ya rubuta cewa wani sarkin kanto ya ɓoye kuɗin haraji, ya kafa hujja da rahoton kumandan, wato Bafaranshen da ke mulkin yankin. Na ce ya kawo asalin shafin. Ashe kalmar aurait kumandan ya rubuta. Wannan siga, a irin wannan wuri, "wai" ce: an gaya masa, bai tabbatar ba, kuma yana nuna wa na sama da shi cewa bai tabbatar ba. Fassarar da yaron ya dogara da ita ta haɗiye "wai" ɗin, jita-jitar kasuwa ta zama hukunci a kan mutumin da jikokinsa suna raye. Rahotannin siyasa na lokacin mulkin mallaka cike suke da wannan siga, domin kumandan ta bakin tafinta da 'yan rahoto yake jin ƙasa.

Sannan ba duk abu ke hoto ba. Na yi aiki a ma'adanar Yamai da ta Dakar, inda takardun gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa suke, rahotannin shekara shekara a ƙarƙashin lamba 2G. Wasunsu kuma an ɗauke su a fim suna ma'adanar Aix-en-Provence a Faransa. Na farkon zamani da hannu aka rubuta da yawa, na baya kuma kwafin keken rubutu ne da ya koɗe, ga gajerce-gajercen ofis. Ka kuma san tsarin mulkinsu kafin ka shiga: cercle, subdivision, canton, wato rabe-raben ƙasa daga babba zuwa ƙarami, kuma hedikwatar Nijar tana Damagaram kafin a mai da ita Yamai a 1926. Ka lura da abin da suke kauce wa faɗa. In kana neman bayi, sau da yawa captif, wato kamamme, za ka tarar, musamman bayan dokar 1905 da ta hana cinikin mutane, don babu jami'in da ke son rubuta wa Dakar cewa akwai bauta a yankinsa. Wannan ba ƙamus ke gaya maka ba, yawan karatun takardun ne.

Ɗan Kurmi

Ranka ya daɗe, na ji batun "wai". Amma har yanzu ina ganin ga littafin da aka buga, manhaja ta wadatar, sai dai mutum ya kai wa masani duk jimlar da zai kafa hujja da ita.

Hajiya Mai Gero

Ni ba 'yar tarihi ba ce, a kan irin gero na yi bincike, kuma rahotannin cibiyar binciken noma ta Nijar da Faransanci suke. Namu ya fi sauƙi, kalmomin fannin ba su da yawa, suna maimaita kansu. Lambobi kawai zan ja kunne a kai. Inda muke sa ɗigo su waƙafi suke sawa, wato 1,5 ɗaya da rabi ne, a tsofaffin takardu kuma 2.000 dubu biyu ce. Ɗan Jibiya, za ka haɗu da wannan a lissafin haraji da ƙidayar mutane. Mil gero ne, mille dubu, in ido ya gaji suna kama. Ka kuma duba rumbun Persée a intanet, akwai tsofaffin mujallun nazarin Afirka kyauta.

Ɗan Jibiya

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Baba, in mutum zai je Yamai, me zai riƙe?

Tsohon Malamin Tarihi

Takardar gabatarwa daga sashenku, ka sa a juya ta zuwa Faransanci, da hotunanka ƙanana. Ka'idar ɗaukar hoton takardu takan canza, ka tambaya kafin ka tashi. Ka leƙa IRSH, cibiyar binciken da ke ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni, su ne masu jerin littattafan Études nigériennes, kuma suna da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Amma kada ka kama hanya sai ka iya karanta shafi guda na Landeroin ba tare da ka buɗe ƙamus a kowane layi ba, in ba haka ba kuɗin masauki kawai za ka kashe. Mushe, kana da ɗalibin da za ka haɗa shi da shi?

Mushe na Damagaram

Akwai, Baba. Ɗan Maraɗi ne ma, yana aiki a kan Tsibirin Gobir. Zan yi masa magana bayan Juma'a.