Neman shawara: read yana kashe mini shiri a Haskell

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sabon shiga ne ni a Haskell, yaren rubuta shirin kwamfuta. Ina karɓar adadin kaya daga mai amfani kamar haka:

```
s <- getLine
let n = read s :: Int
```

In an rubuta 12, lafiya lau. Amma da an rubuta 12a, ko an danna Enter ba komai, sai shirin ya mutu da "Prelude.read: no parse". Abin ɗaure kan ma, ba a layin read yake mutuwa ba, sai can ƙasa. Don Allah ina mafita?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. getLine rubutu zalla yake ba ka, shi kuma read in ya kasa mayar da rubutun lamba, ba shi da abin yi sai kifar da shirin. Mutuwar can ƙasa kuwa, Haskell ba ya lissafa abu sai an buƙace shi. Wannan let ɗin alkawari ne kawai, sai ka taɓa n matsalar ke bayyana.

Koma wa readMaybe, wanda ke ba da Just da lambar in ya iya karanta ta, ko Nothing (wato babu komai) in ya kasa:

```
import Text.Read

tambaya :: IO Int
tambaya = do
  s <- getLine
  case readMaybe s of
    Just n  -> return n
    Nothing -> putStrLn "Rubuta lamba" >> tambaya
```

Yanzu kuskuren ya zama Nothing, sai a sake tambayar mutum.

Amsa ta biyu:
Haka ne malam, amma a san abin da readMaybe yake ƙi. A Int (nau'in cikakkiyar lamba), "1,500" da "+5" da "3.5" duk Nothing ne, alhali mutane na yawan sa waƙafi a kuɗi. Cire waƙafin tukuna da filter, mai tace haruffan rubutu. A Double (nau'in lamba mai ɗigo) kuma "0.5" na wucewa, ".5" ba ya wucewa.

Shi ko "-5" zai wuce, tunda lamba ce, ga shi babu kaya ƙasa da sifili. Don haka sauya layin zuwa `Just n | n > 0`, ka mayar da Nothing ɗin `_` domin ya kama sauran.

Amsa ta uku:
Akwai wanda ya fi waɗannan haɗari domin shiru yake yi, ba ya nuna kuskure. A kwamfuta mai bit 64, iyakar Int ita ce 9223372036854775807. In an rubuta abin da ya zarce haka, readMaybe ba zai ce Nothing ba, wata lamba dabam zai miƙo maka. Karanta a matsayin Integer (cikakkiyar lamba marar irin wannan iyaka), ka duba iyaka, sannan ka juya ta zuwa Int da fromInteger.

Lambar waya kuma bar ta a String, wato rubutu, in ba haka ba sifilin farko zai ɓace, 0803 ya koma 803.