Rajista da zaɓen ƙananan hukumomi: abin da aka tattauna

Wata matashiya da ta cika shekara 18 ce ta jefo tambayar: ta yi rajistar zaɓe, shi ke nan? Kusan kowa ya ce mata a'a. Rajista daban, karɓar katin zaɓe daban, kuma a tsakanin nan mutane da yawa ke maƙalewa.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a je a duba suna idan an kafe jerin masu zaɓe. Harafi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba kan sa mutum ya sha rana a layi tun safe, a ƙarshe a ce ba a ga sunansa ba. Wanda ya ƙaura kuwa ya nemi a mayar da rajistarsa sabuwar mazaɓa, kada ya sake wata, don rajista biyu laifi ne.

An ɗan yi ja-in-ja kan zaɓen kansiloli. Wasu suka ce ɓata lokaci ne. Wani dattijo ya ce kwatar da ta toshe a ƙofar gidanka ba shugaban ƙasa ne zai zo ya duba ba, kuma tunda jama'a ba su cika fitowa ba, 'yan ƙuri'u kaɗan kan raba gardama. Ni dai maganarsa ta fi zauna mini.