Wa ya kawo wa jaririya mura?

Goggo: Salamu alaikum. Jiya da daddare an kwantar da jaririyar ƙanwarku, kwananta 26 a duniya, numfashi na yi mata wuya. Ni dai tun ranar suna na faɗa, yaran gidan ne. Suna dawowa daga makaranta, ko jaka ba su ajiye ba sai ɗakin mai jego, wannan ya ɗauka wancan ya sumbata, majina har leɓe.

Baffa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Amma Yaya, kada a ɗora wa yara laifin hunturu. Ƙurar nan ko babba ta kayar. Mu da muka tashi ɗaki ɗaya da ƙannenmu, wa ya taɓa raba mu?

Anti Nas: Baffa, ƙura tana busar da hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa cuta ƙofa, amma mura ƙwayar bairos ce, daga wani ake ɗauka. Akwai wadda muke kira RSV. A jikin ɗan firamare majina ce da ɗan tari, a jikin jariri kuwa sai ta toshe ƙananan hanyoyin iska na huhu, ka ga haƙarƙarinsa na lotsawa, ya kasa kama nono. A Kilifi ta ƙasar Kenya an bi gidaje masu jarirai, ana gwada hancin kowa sau 2 a mako, aka tarar yawanci yayyen da ke zuwa makaranta ne ke shigo da ita.

Baffa: To korona fa? A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, ta fasa yaɗuwa? Manya ne suka yi ta yawo da ita.

Anti Nas: Nan ka yi gaskiya, Baffa. Kowace ƙwaya da halinta. Amma mura mai zazzaɓi ta fi bin yara. Japan ta shafe shekaru tun 1962 tana yi wa 'yan makaranta rigakafinta, mutuwar tsofaffi a lokacin sanyi ta ragu. Da aka daina, ta sake hawa.

Maman yara: Goggo, wallahi maganar nan ta sosa min rai. Babban ya ji ana cewa su ne, tun safe bai ci komai ba, yana tambayata ko shi ya sa wa ƙanwarsa ciwo. Shekararsa 7 fa.

Goggo: Ayya, 'yata, ban nufi haka ba. Turo min shi in lallashe shi.

Anti Nas: Kada a hana su ganinta. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, su wanke hannu, su canja kayan makaranta. Mai majina ya leƙo daga nesa, sumba a ƙafa maimakon fuska.

Baffa: Na yarda da sabulun. Amma dokar ta hau kan 'yan barka ma, don ranar suna na ga masu tari da yawa sun karɓe ta, kuma babu ɗan makaranta a cikinsu.