Dukiya ta ƙaru, hannu bai ƙara buɗewa ba

A wata tattaunawa da aka yi kan abin da ke hana kyauta ƙaruwa idan mutum ya yi arziki, an fi daɗewa kan batu guda: dukiyar da ake ƙirgawa sau da yawa ba tsabar kuɗi ba ce. Darajar gida ko hannun jari na iya ninkawa, alhali abin da ke shiga aljihu duk wata bai motsa ba. Mai irin wannan dukiya ba ya jin ya wadata, sai ya ci gaba da ba da abin da ya saba. Shawarar da aka bayar ita ce ya riƙa auna kyautarsa da kason dukiyarsa gaba ɗaya, ya daina duba abin da ya bayar bara.

Wasu sun ce buƙatu na girma tare da samu, kuma mutum kan gwada kansa da waɗanda suka fi shi. Don haka a ware kason taimako ranar da kuɗi suka shigo, a sa banki ya riƙa turawa da kansa.

Jinkirin bayarwa ne ya fi damuna. A 2010 attajiran Amurka Bill Gates da Warren Buffett suka ƙaddamar da Giving Pledge, inda attajirai ke alkawarin ba da mafi yawan dukiyarsu, suna raye ko ta wasiyya. Alkawarin ba shi da ƙarfin doka, kuma mabuƙaci ba zai iya jiran wasiyya ba. Masu shakkar ƙungiyoyin agaji kuwa, an ce su nemi rahoton kuɗin ƙungiyoyin na shekara, su fara da kaɗan.