"Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido": ya dace da zancen darbejiya?

Mai Hatsi, Dawanau: Assalamu alaikum, malamai da iyayenmu. A makon jiya wani dattijo ya tarar da ni a rumfa ina zazzage buhun wake da ƙwaro ya huda fiye da rabinsa, har gari na tashi daga ciki. Sai ya nuna mini darbejiyar da muke shan inuwarta, 'ya'yanta sun zube ana tattakawa, ya ce: "Yaro, hakin da ka raina shi ke tsone maka ido." Ya ce a ƙauyensu shanya 'ya'yan ake yi, a daka, a matse man, a murje wake da ɗan kaɗan kafin a kai rumbu. Na gane nufinsa, amma raina bai kwanta da cewa nan ne mazaunin karin maganar ba. Ina roƙon a warware mini.

Malamin Hausa, Gwale: Wa alaikumus salam. Alhaji, shakkarka tana kan hanya. Wannan karin magana gargaɗi ne game da cutar da ke fitowa daga inda ba a zata ba, kuma kalmar "tsone" ita ce shaida, domin ba a tsone wa mutum ido da alheri. Idan akwai haki a labarinka, to ƙwaron waken ne, wanda bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba amma ya cinye maka jari. Abin da ya dace da bishiyar shi ne "rashin sani, kaza ta kwana kan dami," wato magani yana bisa kanka kana nemansa a nesa.

Malamar Gona, Tarauni: Allah ya gafarta Malam, ni ina bayan dattijon nan, domin a ganina raini shi ne jigon maganar. Kaza ba ta san dami ba, mu kuwa mun san darbejiya sarai, raina ta muka yi don ba a sayar da ita a kwalba. A shekarar 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye duk wani kore amma ta bar wannan bishiya, kuma a 1968 masana a Ingila suka ware sinadarin da ke cikin 'ya'yanta, wanda ake kira azadiraktin. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Hana shi cin abinci yake yi, ya kuma dagula masa saɓa da hayayyafa, sannan hasken rana yana lalata shi cikin kwanaki kaɗan, shi ya sa mai gaggawa yake ganin ba ya aiki. Da muka juya masa baya muka koma zuba gubar feshi a cikin abinci, ai Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015 saboda yawan sinadarin kashe ƙwari mai suna dikilobos da aka samu a ciki. Idan wannan ba tsone ido ba ne, ban san me za a kira shi ba.

Mai Haɗa Magunguna, Fagge: Hajiya, na yarda da ke, sai dai rainin da nake gani a wurin aikina ta wata fuska yake zuwa, wato mutum ya ce "ai ganye ne kawai." An taɓa kawo mini wani yaro da ya karya reshen tumfafiya a kango, farin ruwanta ya fantsamar masa a ido, idon ya yi jawur, yana ganin dishi-dishi, sai da na tura su asibitin ido. Wannan haki ne da ya tsone ido a zahiri. Haka man darbejiyar da kike yabo, bai kamata a ɗura wa jariri shi ba, domin yana iya jawo amai da jijjiga. Tazargade kuwa, daga ganyen wani nau'inta ne masaniya Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da atemisinin, wato sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro, har ta sami kyautar Nobel a 2015, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a dafa ganyen a sha a madadin maganin zazzaɓin cizon sauro ba, saboda babu mai iya auna ƙarfinsa a tukunya.

Malamin Hausa, Gwale: Misalin tumfafiya ya zauna daram, ba ni da ja a kansa. Hajiya, naki ma na karɓe shi da sharaɗi: a bakin dattijon, hakin ba bishiyar ba ce, shawarar da aka raina ce, kuma Bahaushe yakan faɗi haka ga wanda ya ƙi jin maganar talaka har ta cim masa. Amma har yanzu ba zan koya wa ɗalibi cewa ana yabon abu da wannan karin magana ba.

Mai Hatsi, Dawanau: Allah ya saka da alheri. Na sa yara su tattara mini 'ya'yan, kuma zan gwada a buhu biyu tukuna, ɗaya da man, ɗaya a buhun leda mai ruɓi uku wanda iska ba ta shiga. Hajiya, cokali nawa ake sa wa tiya guda, kuma ɗacin yana fita idan an wanke waken kafin a dafa?