Na tarar da kayan sojan kakanmu a akwati, wani yana so ya saya. Me za ku ba ni shawara?

Jikan Mazan Jiya, Kusuri
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daminar bana ruwa ya karya mana rufin ɗakin marigayi kakanmu, da muka zo kwashe kaya sai ga akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. A ciki akwai ɗan littafinsa na soja, wanda ake ce wa livret, da lambarsa da shekarar da aka ɗauke shi a Fort-Lamy (Njamena ta yanzu), 1940. Gara ta ci gefe ɗaya amma rubutun yana karantuwa. Akwai lambar yabo mai ƙyalle shuɗi da fari, da ɗan ƙarfe a gicciye an rubuta KOUFRA. Akwai banati cikin kubensa. Bayan akwatin kuma, a naɗe cikin tsohon bargo, bindiga ce doguwa duk ta yi tsatsa, ƙarfen da ake ja a ɗura harsashi ma babu shi.

Baffana ya rantse bindigar ta zamanin Rabe ce, mayaƙin nan da ya ci Borno. Wani mai sayen kayan da ya tsallako daga Njamena ya ce zai ba da jaka 150 a kan lambar da banatin, littafin kuwa ya ce mu riƙe abinmu, ba ya bukata. Rufin ɗaki yana jiran kuɗi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. In sayar? In goge tsatsar?

Malam na Garwa
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka raba lambar nan da littafin ko da nawa za a ba ka. Irin wannan lamba Faransa ta raba ta da yawa, ita kaɗai ƙarfe ce kawai. Littafin ne yake cewa ta wane ce, a wace runduna, a wace shekara. Ni na ga an sayar da lambar mahaifin maƙwabcina a haka, yau jikokinsa suna ba da labari ba su da abin nunawa.

Ka san ma abin da ke hannunka? A Yaƙin Duniya na Biyu, Cadi ce ta bi Janar de Gaulle na Faransa tun 26 ga Agusta 1940, lokacin Gwamna Félix Éboué. Daga Faya a arewacin Cadi Kanar Leclerc na Faransa ya tashi da mutum kimanin 400, mafi yawansu 'yan Afirka, da igwa guda ɗaya tak, suka ratsa hamada har Kufra a ƙasar Libiya. Ran 1 ga Maris 1941 Italiyawan da ke cikin ganuwar suka miƙa wuya. Washegari aka yi rantsuwar nan cewa ba za a ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a Strasbourg, birnin Faransa da ke hannun Jamus a lokacin. Sunan Leclerc kowa ya sani, har tituna aka sa wa. Sunan kakanka kuwa, a gidanku, cikin ɗan littafin nan da gara ta fara ci yake. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya yau ɗin nan. Kada ka sa shi a leda, gumi zai ruɓar da shi. Ambulan na takarda ya fi.

Sani Makaniki, Marwa
Maganar Rabe, a yi wa Baffa haƙuri sai an duba. An kashe Rabe a nan garinku ran 22 ga Afrilu 1900, ranar da Lamy, kwamandan Faransawan da suka yaƙe shi, ma ya mutu. Ka shafa ɗan man keken ɗinki a gefen ƙarfen bindigar, sama da kunama, ka goge da tsumma a hankali. Bindigogin Faransa suna ɗauke da sunan masana'anta, Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle, da shekarar samfurin. In ka ga 1874, Gras ce mai cin harsashi ɗaya, to maganar Baffa tana iya yiwuwa. In 1907-15 ka gani, Berthier ce, an ƙera ta Rabe ya daɗe a ƙasa. Toka da lemun tsami kuwa kada su kusance ta, da su ake cinye rubutun.

Hajiya Maman Iro, Njamena
Ku kuna ta tarihi, ni tsoro nake ji wa yaron nan. Bindiga a ɗaki a Kusuri, a wannan zamani na Boko Haram? In aka zo bincike ba wanda zai tsaya karanta 1907. Ka ɗauki mai unguwa da littafin kakanka ku je wurin jandarma ku sanar, a ba ku takarda. Kuma kada ka kuskura ka hau gadar Ngeli ta tsallakawa Njamena da ita. Sannan ka leƙa ofishin tsofaffin sojoji da lambar da ke cikin littafin. Takardun sojojin Afirka da yawa suna ajiye a garin Pau na Faransa, ana rubutawa a nemi bayanin aikin mutum.

Jikan Mazan Jiya, Kusuri
Allah ya saka da alheri. Malam Sani, na shafa man, St Étienne Mle 1907-15 ya fito. Baffa ya yi shiru, can ya ce to ai dai ta je Kufra. Hajiya, gobe da safe za mu tafi da mai unguwa in sha Allahu. Mai sayen ya sake kira ya ƙara jaka 30, na ce masa a'a. Rufin za mu haɗa kuɗinsa da ƙannena. Malam, akwai shafi ɗaya mai hatimi uku da na kasa karantawa, zan turo maka hotonsa bayan isha'i.